Rezo Ya Tsaya a Zaure

A shekarar da na yi staj, wato watannin nan na gwaji da ake sa mutum ya yi wa kamfani bauta kafin a ce an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, babu abin da nake so a duniya kamar wata kujera. Ba wata kujerar a zo a gani ba ce, hannunta ɗaya ma a karye yake, an ɗaure shi da roba. Amma tana hawa na sama na wani ƙaramin kamfani da ke raba wa gidaje intanet ta fibir, a ɗakin masu zana rezo, wato hanyoyin da intanet ke bi, inda ba a jin ƙarar babura, ba a kuma taka laka. Mai ita ya samu wani aikin ya tafi. Mu biyu aka ɗauka staj, ni da wani saurayi mai sanyin hali ɗan unguwar Elig-Edzoa, kuma Shef, shugaban sashenmu, ya faɗa mana tun ranar farko cewa kujerar ɗaya ce. A ƙarshen staj kowa zai tsaya gaban manya ya yi bayanin abin da ya gano, wanda ya fi shi zai zauna.

Ni 'yar Briqueterie ce gaba da baya, unguwar Hausawa ta birnin Yaoundé. Ina son unguwarmu, kar a ji ni ba daidai ba, amma na gaji da ita irin gajiyar da mutum ke yi da 'yan'uwansa. Na gaji da tsallake kwata, da hayaƙin masu soya, wato masu gasa nama, da ke bin mayafina har cikin aji, da yadda ba za ka wuce lungu ɗaya ba sai an tambaye ka ina za ka. Na ƙudurta a raina cewa in dai ina da rai, aikina a sama zai kasance, in riƙa dawowa da yamma da jaka a kafaɗa, a gaishe ni in amsa a taƙaice.

Abin da nake taƙama da shi kuwa shi ne hawa bakwai. A makaranta an koya mana cewa duk wata sadarwa ta na'ura, ko ina take a duniya, ana iya kallonta kamar bene mai hawa bakwai. A hawa na ƙasa akwai abin da hannu ke taɓawa: kabil, wato igiyar rezo, da hasken da ke gudu a cikin fibir, da iskar da wifi ke bi. Na biyu shi ne yadda na'urori biyu da ke maƙwabtaka suke gane juna. Na uku adireshi ne da zaɓen hanya. Haka ake ta hawa har can ƙololuwa, inda hoton jikarki ke fitowa a fuskar waya. Amfanin abin shi ne, in rezo ya lalace ba sai ka yi ta lalube ba, ka tambayi kanka a wane hawa ciwon yake. Na haddace shi tas, ina iya jero shi daga sama zuwa ƙasa ko da barci aka tashe ni. Kuma na raina hawa na ɗaya raini mai tsanani. A ganina wannan na masu tsani da filaya ne, mu masu ilimi daga na uku muke farawa.

Har Babana na taɓa zaunarwa na yi masa bayani, yana kan keken ɗinkinsa yana yi wa wata babbar riga aiki. Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "To mu muna hawa na nawa?"

Na ce, "Baba, ba haka ake tambaya ba."

Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da taka kekensa.

Akwai zane na biyu da ake haɗawa da na benen, shi ne na hanyar da rezo ke bi ya iso gida. Daga ɗakin injinan kamfani kabil mai kauri zai bi bakin titi, ya zo wani akwati a kan poto, wato sandar wayar wuta, daga nan siririn zare ya sauka zuwa gidan mai biya, ya shiga boks ɗin da ke watsa wifi. Bayan boks sai a ja layi mai ɗigo-ɗigo daga sama zuwa ƙasa, ma'ana daga nan baya namu ne, daga nan gaba na mai gida ne, shi ya sani. A littafinmu an zana boks ɗin a falo, kusa da wata doguwar kujera, wani mutum na zaune a kai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ban taɓa tambayar kaina gidan wa aka duba aka yi wannan zanen ba.

Aikin da Shef ya ba mu shi ne unguwarmu. Ya ce ƙorafin Briqueterie ya fi na ko'ina yawa, wasu har sun fara cewa a zo a kwashe kayan, alhali a allon ofis komai kore ne shar, haske na isa kowane boks lafiya lau. "Ku ɗauki hawa bakwai ɗin nan naku," in ji shi, "ku ɗora a kan unguwar, ku gaya min inda ciwon yake." Abokin staj ɗina ya ce shi daga ofis zai bi lissafin injina. Na buɗe baki zan ce ni ma, sai Shef ya ce, "Mademoiselle, ke ai 'yar can ce, bi ma'aikatan waje ki gani da idonki."

Wallahi ranar kamar in haɗiyi zuciya. Na yi karatun nan duka don in bar unguwa, ga shi an mayar da ni a bayan motar kamfani, tsani na dukan kafaɗata, hular kwano a kan hijabi kamar an kife tukunya. Muna shiga layin masu atamfa wata ƙawar Innata ta hango ni, ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Sojan ina kuma muka samu?" Na yi kamar ban ji ba.

Gidan farko na wani Alhaji ne, irin tsofaffin manyan gidajen nan da aka rubuta "ba shiga" a bakin ƙofa tun ina ƙarama. A Briqueterie akwai gidajen haya da kowa ke faɗawa ba sallama, amma masu halin sa fibir yawanci irin waɗannan ne. An mai da zauren shagon ɗinki, kuma can saman bango, tsakanin agogo da kalanda, ga boks ɗinmu yana ƙifta ido. Babban ma'aikacin, wani dattijo da ba ya jin Hausa, ya hau kujera ya auna hasken. Lafiya lau. Ya nuna wa Alhaji, Alhaji ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba, aka fara naɗe kaya.

Sai muka ji murya daga bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida. "Kullum haka suke yi. Su zo su shafa akwatin su tafi." Aka ɗan ɗaga labulen, ido ɗaya ya leƙo ya tsaya a kaina. "Ke! Ba 'yar gidan mai ɗinki na bayan masallaci ba ce? Me kike yi a tsaye kamar baƙuwa? Shigo mana."

Na kalli dattijon. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi shekarunsa a wannan aikin bai taɓa wuce labulen nan ba, ba a gidan nan ba, ba a wani ba. Na cire hular kwano na shiga.

Hajiyar gidan ce ta kira ni. Ashe ita ce mai amfani da rezon, ba Alhaji ba. Shi wayarsa ta kira ce kawai. Ita kuwa atamfa da leshi da turaren wuta take sayarwa ta waya, tana da masu saye a unguwannin Messa da Nkomkana har da wasu garuruwa, kuma in hoto bai tafi da wuri ba wata ta riga ta. Wifi ɗin zaure ba ya ratsa bango biyu na siminti ya iso ɗakinta, don haka aka yi dabara. An huda saman ƙofa an zaro kabil daga boks, an ratsa tsakar gida da shi, an ɗaure shi tare da igiyar shanya. Lokacin da na shiga akwai zannuwa biyu jiƙaƙƙu a kansa da wandon yara. Ƙarshensa ya shiga wani boks na biyu da aka sayo a kasuwar Mokolo, aka soke shi a ramin da ba nasa ba. Boks biyun nan kowanne yana raba wa wayoyi adireshi ba tare da sanin ɗan'uwansa ba, kamar mutum biyu na rabon abinci a gidan biki ba su yi shawara ba. Wayar da ta karɓi adireshi daga na zaure ta yi aiki, wadda ta karɓa daga na ciki ta zauna tana juyi.

Hawa na uku! A tsakar gida, kusa da turmi! Farin ciki ya rufe ni, na manta ina fushi. Na gyara tsayuwa na fara yi wa Hajiya bayani da Hausa da Faransanci a cakuɗe, na taso tun daga hawa na ɗaya. Ta bar ni na kai na biyu, sannan ta ce, "'Yar nan, zai yi ko ba zai yi ba?" Na tsuke bakina, na hana boks na ciki rabon adireshi, na mayar da kabil inda ya dace, na roƙe ta a nema wa wanki wata igiyar. Hotunanta suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ta yi guɗa, ta sa aka turara ni da turaren wuta har sai da na yi tari. Da na fito zaure dattijon ya shinshina iska ya tambaye ni ko gyara na yi ko biki na je.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa, don a wajen mata ba a bukatar fibir. Duk gidan da motarmu ta tsaya, ana gama auna haske sai a ɗaga labule a ce 'yar mai ɗinki ta shigo. Ni kuma na kamu. Ba son taimako ba ne ya kama ni, kar in yi wa kaina ƙarya, daɗin in gano abin da manyan ofis ba su gano ba ne. Wani gidan ƙofar ƙarfe ce ta murƙushe kabil. Wani gidan ɓera ne. Wani gidan an ga boks ɗin ciki yana da kyau, an sa shi a kabet tsakiyar jeren tukwane da kwanuka, ƙarfe ya kewaye shi ta ko'ina, wifi bai da ta inda zai fita. Wata tsohuwa kuma cire shi take yi daga soket duk lokacin da za ta markaɗa kayan miya, ta manta ba ta mayar ba. Akwai gidan da na tarar kabil ɗinsu ya haura katanga yana ciyar da rabin lungu. Wannan ban sa shi a rahotona ba, saboda ina son a ci gaba da amsa gaisuwata.

A hankali hoton ya haɗu a kaina. Layin nan mai ɗigo-ɗigo da littafi ya ja a falo, a wajenmu labulen zaure ne. Mai sa boks namiji ne, iyakarsa zaure, don haka nan yake kafa shi. Masu amfani da shi kuwa suna can ciki. Tsakanin boks da wayar da ke hannun mace akwai wani rezo guda cikakke, da hawa-hawansa, wanda 'yan'uwa da maƙwabta masu ƙarfin hali suka harhaɗa, kuma babu wani ɗan kamfani da ya taɓa sa shi a ido. Allon ofis bai yi ƙarya ba da yake nuna kore. Iyakar ganinsa ke nan.

Na sayi takarda mai faɗi, na shimfiɗa a shagon Baba na fara zane. Na jawo hanyar tun daga ɗakin injina, poto, zare, boks, na ɗora hawa-hawan a kan kowane yanki. Da na zo layin ɗigo-ɗigo ban tsaya ba, na wuce shi, na zana tsakar gida da ɗakuna, na shafe wurin duka da jan launi. Ina yi ina gaya wa Baba yadda manya za su buɗe baki.

Ya leƙo ta saman tabaransa. "Su mazan ba sa shiga, ko?"

"Ba sa shiga."

"Ke kaɗai."

"Ni kaɗai, Baba!" Na faɗa ina hura hanci.

Ya ce, "To." Ya lashi zare ya sa a allura.

Ranar bayani an yi ruwan nan na Yaoundé da ke zuwa kamar da gayya, na isa ofis gefen zanina ja da laka, amma takardata a bushe, don na naɗe ta a leda biyu. Abokin staj ɗina ya fara. Ya nuna lissafi mai tsabta, ya ce wataƙila da yamma hanya ke cushewa, wataƙila in an sayi babban inji abin zai ragu. Duk maganarsa wataƙila ce. Har tausayinsa na ji, na ce a raina in na zauna a kujerar zan riƙa tambayar lafiyarsa.

Sai ni. Na manna takardar a allo na juyo. Kai, ranar na yi magana! Na bi da su hawa-hawa, na nuna musu cewa daga ɗakin injina zuwa boks babu abin da ya samu rezonsu. Na ba su labarin igiyar shanya da kabet ɗin tukwane, babban darakta ya yi dariya har da share hawaye. Sannan na buga hannu a kan jan wurin na ce duk ƙorafin daga nan yake fitowa, kuma ko injin da ya fi kowanne a duniya suka saya ba zai taɓa nan ba. Da na tsaya a nan da an gama lafiya. Amma ina! Daɗin bakina ya ɗebe ni. Na ce babu mutum ɗaya a kamfanin nan da zai iya taka wannan wurin. Na ce abin da suke bukata mace ce, wadda ta san aikin, tana jin Hausa da ɗan Fulatanci, wadda masu gida suka san iyayenta har za su ɗaga mata labule.

Ina cikin faɗin "iyayenta" na ji abin da nake faɗa. Na so in kamo maganar in mayar, amma ta riga ta isa kunnen kowa.

Shef ya jingina yana gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Mademoiselle, irin wannan matar, su nawa kika sani a garin nan?"

Ya tashi, ya ɗauki alƙalamin allo, ya zo gaban takardata da na kwana biyu ina yi wa ado, ya rubuta sunana ɓaro-ɓaro a tsakiyar jan launin. Aka yi tafi. Har abokin staj ɗina ya tafa, kuma na san da zuciya ɗaya ya yi, abin da ya ƙara min haushi ke nan.

Da aka watse na bi Shef ofishinsa. Ban yi niyyar ɗaga murya ba, amma ta ɗagu da kanta. Na ce, "Shef, ni ce fa na gano."

"Ke ce."

"Ka ce wanda ya fi shi zai zauna."

"Na faɗa," in ji shi, "kuma kin fi shi nesa ba kusa ba. Shi ya sa darakta ya ce a ɗauke ku duka biyu." Ya turo min takardar ɗaukar aiki. Albashin bai yi laifi ba, har ya ɗan ɗara abin da na zata. A wajen sunan aiki an rubuta ma'aikaciyar waje, yankin Briqueterie da kewaye.

"Shi kuma fa?"

Shef ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Shi babu gidan da zai iya shiga. Tsani ma tsoronsa yake ji. Dole in ajiye shi a wani wuri, kuma kujerar nan ce kaɗai ba kowa a kai."

Na tsaya ina kallon takardar. Ba wanda ya cuce ni, ba wanda ya yi min ƙarya, ba ma wanda zan je gida in ce ya yi min hassada. Ni na auna wurin, ni na zana shi, ni na shafa masa launi don kar a kasa gani, sannan na tsaya gaban darakta na rantse cewa babu mai iya zama a ciki sai ni. Na so in yi kuka, na kuma so in yi dariya, sai na ɗauki biro na sa hannu.

Shef ya jawo wata takardar ya tambaye ni lambar ƙafata, don a fito min da takalmin aiki daga sito. Na faɗa masa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce ba su taɓa sayen ƙanana haka ba, sai dai in karɓi na maza in cusa tsumma a gaba.